Gemun Bakance

Alhamis, 24 ga Afrilu

Babu komai. Haka likitar ta ce. Ta juyo mini da hoton, ta ce, "Doña Orfa, kin warke. Ki dawo bayan wata shida mu sake dubawa." Na ce ta maimaita, ta maimaita. Abin da na fara ji shi ne fitsari ya matse ni, ba kuka ba.

Kukan, mijina Baudilio ne ya yi shi. Tun daga tashar Cali har gida hawaye na gangarowa suna ɓacewa cikin dajin nan da ke fuskarsa. Na ce, "Tsoho, mutane na kallonka fa." Ya ce su kalla.

Na gode Allah. Nono ɗaya ya tafi, gashin kaina ya tafi, ni ina nan. Gemun nan ma zai tafi. Ranar da aka ce mana sankara ce, ko sallama bai yi mini ba ya hau mota zuwa garin Buga, ya shiga coci ya durƙusa gaban mutum-mutumin Yesu da ake kira Ubangijin Al'ajibai ya yi bakance: reza ba za ta taɓa fuskarsa ba sai na warke, in na warke kuma zai aske ya kai gemun ya ajiye a ƙafafunsa. Fiye da shekara ke nan ina zaune da mutumin da miya ke maƙale wa a haɓa. To, an biya mana bukata, saura mu cika namu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na buɗe akwatin kayan askinsa. Tsohon burushin shafa kumfa da ya gada wurin babansa ya ruɓe, ina ɗagawa gashin ya zube a hannuna, sai icen kawai. Na shiga kasuwa na sayo sabo, na gashin alade, irin wanda ya saba da shi. Tauri kamar tsintsiya. Wari kuwa, tabɗi! Sai ka ce an jiƙa tsohon kare.

Ya shinshina, ya goga a bayan hannunsa, ya ce, "Wannan ai bai horu ba. Fuskar da ta shekara ba ta ga iska ba, wannan fata zai kwashe mata."

Na ce to a sayo kumfar gwangwani. Ya kalle ni kamar na zagi babansa. Na ce to ya je ya zauna a kujerar Don Heliodoro mai aski. Ya ce shi ya yi bakancen, hannunsa ne zai aske.

Ranar sha huɗu ga wata ake zuwa Buga. Akwai lokaci.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na kai wa Don Heliodoro burushin. Yana ganina ya ce, "A'a, ashe kin tashi! Mu da muka gama shirin shan kofi a zaman makokinki." Na ce, "Naka zan fara sha, Don Helio, har da ƙari."

Ya ce burushin alade jaki ne, sai an hore shi. A jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana biyu. Daga nan kullum a tada kumfa da shi a tafin hannu, a wanke, a goga shi a tawul da ƙarfi, a bar shi ya bushe sarai kafin a sake. Sai bakin kowane gashi ya tsage biyu ya yi fari, sannan ya yi laushi. Ya ce, "Ba ya son gaggawa. Amma me ya hana mai gemun ya hore kayansa da kansa?"

Ni ma ban sani ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ƙanwata Leonilde ta zo, ta buɗe firij neman ruwa, ta tarar da burushi tsaye a cikin kofi kusa da cuku. Ta yi ihu, ta zaci wani sabon magani ne aka ba ni. Na yi dariya har wurin ɗinkin ya yi mini zafi. Rabona da irin wannan dariyar na manta.

Karen maƙwabta yana bina duk inda na yi, saboda warin hannuna.

Laraba, 7 ga Mayu

Aikin safiya ya zama haka: kofi, burushi, tawul. Kumfar farko ruwa-ruwa ce, launin ƙasa. Yau ta fito fara, har ta tsaya a tafin hannuna. Warin ya ragu, ko kuma hancina ne ya saba. Ina jin daɗin aikin, ban san dalili ba. Wataƙila don an daɗe ba a bar ni na yi wa wani komai ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba: kowace safiya, kafin ƙafata ta taɓa ƙasa, sai na laluba hammatata da gefen ɗinkin. Sau biyu, wani lokaci uku. Sannan in tashi.

Gashin kaina ya fara fitowa, fari, tsaye cirko-cirko. Baudilio ya shafa ya ce, "Da an sani da ba a sayi burushi ba." Na jefe shi da tawul.

Talata, 13 ga Mayu

Na kai wa Baudilio burushin, na ce ga shi, gobe sha huɗu. Ya goga a wuyan hannunsa, ya ɓata fuska, ya ce har yanzu yana suka. Na ce, "Fuskarka ta jariri ce?" Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, a bari sai wata mai zuwa. Ya ɗauki hularsa ya tafi shagon gyaran kekunansa.

Ƙarya yake. Na san ƙaryarsa, kunnensa na hagu ne ke yin ja.

Laraba, 14 ga Mayu

Motar Buga ta wuce ta ƙofar gidanmu cike da mutane da kyandirori. Ban dafa masa komai ba sai shinkafa da ƙwai.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bayan coci na tare shi a tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro. Na ce alkawari kaya ne, kuma wanda ya yi wa alkawarin ba ya mantuwa. So yake a ce mun karɓa mun ƙi godiya?

Ya daɗe yana murza gemun. Sannan ya ce, "Tsohuwa, likita ta ce ki dawo bayan wata shida. In an gama, me ya sa za ki koma?" Na ce haka ake yi wa kowa. Ya ce, "Muddin gemun nan na fuskata, maganarmu da Shi ba ta ƙare ba, idonsa na kanki. In na aske na kai, shi ke nan, an rabu lafiya. Wa zai riƙe ki?"

Na ce, "Kai, Baudilio! Ashe gemunka ne ya riƙe ni, ba Allah ba, ba wuƙar likita ba? To ka bar shi ya kai gwiwa, in rayu shekara ɗari."

Bai yi dariya ba. Raina ya ɓaci, kuma ya ba ni tausayi. Mutumin nan har yanzu yana zaune a bencin asibiti, ni kaɗai aka sallamo. Ba zan iya zama da wanda ke kallona kullum kamar arona aka ba shi ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Hammatata ta dama, ɓangaren aikin. Tana ciwo, kuma akwai wani abu mai tauri a ƙarƙashi.

Ban gaya masa ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Yana nan. In na ɗaga hannu sai ya ja har kafaɗa.

Da rana Baudilio ya ga burushin a kan taga, ya ɗauka, ya shafa a kuncinsa sama da gemun, ya ce, "Ya fara laushi fa." Na fizge na ce bai yi ba, da saura. Ni da bakina. Na saka shi a bayan tulun gishiri inda ba zai gani ba. Da yamma yana gyangyaɗi a kujera na tsaya ina kallon gemun, ina cewa a raina kar ya kuskura ya taɓa shi.

Kunya ta ishe ni, amma haka aka yi.

Juma'a, 30 ga Mayu

Leonilde ta ja ni zuwa asibitin garinmu, don ta ga ina ɗaukar kofi da hagu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan ya danna, ya murza, ya sa na ɗaga hannu na sauke, ya duba da na'urarsa. Ya ce, "Wane aikin ƙarfi kike yi da hannun nan?" Na ce ba komai. Leonilde ta ce, "Ba komai? Kullum tana dirzar alade a tawul kamar mai goge tukunya!"

Sai da muka yi masa bayani. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Jijiya ce ta ɗaure, nama ne ya kumbura don wahala. Ya ce in bar hannun ya huta, in dirza da hagu in dole ne.

Muka fito waje. Na zauna a bakin kwata ina dariya ina kuka, Leonilde na zagina tana share mini fuska da gefen rigarta. Muka sayi gurasar cuku mai zafi muka cinye a tsaye. Na gode Allah, na gode Allah.

Asabar, 31 ga Mayu

Na gaya masa duka, har da ɓoye burushin. Na ce, "Ka gani? Gemunka na nan, ni kuma na kwana huɗu ina mutuwa. Bai hana ni tsoro ba, kai ma bai hana ka ba."

Can ya ce, "Ina kika sa shi?" Na nuna masa tulun gishiri.

Laraba, 4 ga Yuni

Shi ke horar da shi yanzu. Yana tada kumfa a tafin hannunsa mai baƙin mai, yana yi wa burushin faɗa kamar yana ji. Ɗazu ya kira ni bakin taga ya nuna mini a hasken rana: bakin gashin ya tsage, ya yi fari-fari. Ya shafa burushin, ya shafa kaina, ya ce alade ya riga ni laushi.

Juma'a, 13 ga Yuni

An aske.

Na shimfiɗa farin hankici a kan tebur, ya yanke gemun da almakashi a kai, dunƙule-dunƙule. Na jiƙa tawul a ruwan zafi na rufe masa fuska. Reza tasa ce, amma na ce kumfa tawa ce, ni na sha warin. Burushin ya bi fuskarsa lumui, ko motsi bai yi ba, ya lumshe ido. Ya aske a hankali gaban madubin tsakar gida, ya yanke kansa sau ɗaya a haɓa.

Ya wanke ya juyo. Na shirya tsokana tun safe, amma ina ganinsa na manta da ita. Kumatun sun faɗa ciki. Ƙashin muƙamuƙi a waje, fatar wuya na lilo. Baudilio mai kumatu kamar gurasa! Duk watannin nan kowa ni yake aunawa, ni ake tambaya ko na ci. Shi kuwa yana cewa ya ci a shago. Gemun ya rufe, ni kuma ban duba ba. Ban duba ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Yaya, na yi kyau?" Na ce, "Kamar kazar da aka fige." Na shige kicin na ɗora tukunyar miyar kaza da rogo, na yi kukana a kan albasa.

Asabar, 14 ga Yuni

Buga. Cunkoso, zafi, ƙamshin kyandir. Ya shiga da gwiwa tun daga ƙofa, hankicin a hannunsa. A mota na zare ɗan silin gemu guda daga ciki na ɓoye a jakata, ko don wata rana. Da muka iso gaba na fito da shi na mayar. Ya gani, kunnensa ma bai yi ja ba. Muka ajiye, muka fito.

Iska ta bugi fuskarsa, ya ce sanyi yake ji a haɓa.

Talata, 17 ga Yuni

Burushin ya fi jiya. Kumfa har ta yi yawa, ta shiga masa hanci, ya yi atishawa a kan madubi. Don Heliodoro ya leƙo ya ce bai gane mai gidan ba, ko na sake aure ne.

Na sa masa ƙwai uku da soyayyar ayaba, na tsaya a kansa sai da ya cinye. Ya ce so nake in kashe shi. Na ce ya bari sai ya yi ƙiba tukuna. Da rana na aika masa da wake har shago, na ce wa Leonilde ta tsaya ta ga ya ci, kar ya ba kare.

Sai da nake shanya tawul da la'asar na tuna ban laluba hammatata ba yau. Jiya ma ban tabbata ba. Na tsaya da hannu a sama, sai na ji ƙaurin shinkafa, na ruga kicin.