Jif ɗin Baba da Mai Rake na Makarfi

Yaya Haruna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu a Paki lafiya lau, sai ƙafar Inna da ta sake kumbura.

Jif ɗin marigayi Baba ce ta hana ni sukuni. Tunda sojoji suka tsuke shigo da kaya, ko fulogi wuya yake, shi ya sa muka sa ta a kasuwa. Wani dillalin rake daga Makarfi ya zo dubawa. Kafin ya iso, Kawu Iliya ya sa aka tura ta har ta tashi, injin ya yi ɗumi, don kada ta ƙi tashi a gabansa. Mutumin ko makulli bai nema ba, tafin hannu kawai ya ɗora a bonet.

"Malam Iliya, ai kun riga ni," ya ce. "Zan dawo da sassafe in ji ta da sanyi, sannan in taya."

Bai faɗi rana ba. Kullum ina ta zagaya ta. In ta ƙi tashi, kuɗin ƙarfe zai bayar. In ta tashi ya saye ta, da me za mu kai Inna asibitin Ikara idan damina ta cinye hanya?

Ka gai da yara. Ka taya mu da addu'a, don ni wallahi ban san wanne zan roƙa ba.

Ƙaninka,
Musa