Abin da Ya Raba Ka da Ɗan'uwanka, Baffa

Zuwa ga Baffana Husaini,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ɗiyarka Saratu ce, daga Rikoto.

Kai da Baba tagwaye ne, rana ɗaya kuka zo duniya, kuma shekara ɗaya likita ya ce dukanku kuna da hawan jini. Baba ya gama aikin soja ya zauna Rikoto a cikin Zuru, asibiti na kusa da shi. Kai ka tsaya gonar gado a bayan Dirin Daji. Yau Baba na nan yana faɗa da jikoki. Kai kuwa ka faɗi a bakin kunya kana ƙara wa dawa ƙasa.

Ranar zaman makoki na ji wani yana cewa taurin kai ne ya sa ka bar magani. A lokacin ba ni da hujjar kare ka. Na dai tuna wata damina da na iske ka riƙe da kwalbar magani babu ko ƙwaya, ka ce, "Ɗiyata, rafi ya cika, ɗan kabu-kabu ya ƙi zuwa, in bar noma in tafi Zuru da ƙafa?"

Baffa, yanzu ina da hujja. Aikin da nake yi ke nan. Ni da abokan aikina muna gina kwatancin rayuwa a cikin kwamfuta, hawa-hawa. A ƙasa akwai jijiyar mutum da abin da ke samunta idan magani ya yanke. Sama da ita gida: wa ke noma, me ake ci. Sai hanya da rafi da ranar kasuwa, har zuwa yanki gaba ɗaya. Mukan haɗa su, mu bar shekaru su wuce cikin mintuna.

Na sa mutum biyu masu jiki iri ɗaya, wurin zama kawai na bambanta musu. Sau da yawa na maimaita, kuma kusan kullum na ƙauye ne ke fara faɗuwa. Ranar farko sai da na tashi na bar ofis.

Da na dawo na shiga canza abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara gadaje a asibitin gari, bai amfani na ƙauyen sosai ba. Da na ba shi maganin damina duka tun kafin ruwa ya sauka, na kuma aje mai awon jini a kasuwarsu, sai ya tsufa.

Na san kwamfuta ba ta san gaibu ba, kwana na Allah ne. Amma na tsaya gaban jami'an lafiya na nuna musu. Sun amince a gwada a wasu ƙauyuka, har da naku.

Inna Larai, matarka, ita ma jininta ya hau bana. An riga an rubuta sunanta. Ta karɓi nata na wata huɗu, ta ƙulle a bakin zane, ta ce in gaya maka idan na rubuta.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka, Ya sada mu a gidan da babu ciwo.

Taka har kullum,
Saratu