Kada a Tumɓuke Mini Madacina

Zuwa ga shugaban kwamitin dashen itace na unguwarmu, Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ina iyali? Ni ne Illa ɗan kabu-kabu, wanda ya taɓa ɗaure wa mai gadinku takalmi a ƙafar benci. Yau da magana ta gaske na zo, sai dai murna ta hana bakina rufuwa.

Na farko. Damina biyu da suka wuce kuka raba mana 'ya'yan madaci. Taubashina Sani ya kai nasa gonar kawunmu a Jiratawa, bakin Gulbi, ƙasa baƙa mai laushi, ruwa kusa. Ni kuka nuna mini bayan tasha, fako tsantsa, inda diga ke tashin wuta in ta sara. Nasa yanzu har tinkiya na kwana a inuwarsa. Nawa ko ɗan tsako ya raɓe shi sai ya sha rana. Ni da nake tsokanar gari, na zama abin tsokana. Sani na tare ni gaban mutane ya ce in ara masa asawakina, wai iccen nawa ke nan.

Na biyu. Ku da bakinku kuka faɗa a taro cewa icce cikinsa a ƙasa yake, in saiwa ba ta samu hanya ba, kai ba ya tashi. To me ya sa yaranku suka shafa wa nawa jan fenti, wai ranar Asabar za a tumɓuke shi a sa wani? Wanin ma a wannan dutsen zai zauna!

Na uku, nan daɗin yake. Na fasa fakon nan kewaye da shi har ƙugu. Na riƙa ɗauko ƙasa a buhu bisa babur, ina haɗawa da takin awaki. Ƙasar ina? Ta gefen iccen Sani mana! Shi da kansa ya ɗora mini buhu, na ce masa Inna za ta yi yaɓen murhu. Jiya da hantsi na leƙa, sai ga sabon toho, ganye jajaye, suna sheƙi. Wallahi na yi rawa har fasinjata ta sauka ta hau wani babur.

Roƙona: a goge fentin nan, a ba shi damina ɗaya tak. A taimaka da waya ta kewaye, don akuyar mai shayi ta fara zuwa gaisuwa. Kuma in za a sake rabo, a duba ƙasa kafin a miƙa icce. Fako a ba shi aduwa, ita ta san wahala.

Allah ya ƙara girma, ya raya zuriya, ya sa wata rana ku sha inuwar madacin nan. Asabar ɗin kuwa ina nan zaune a gindinsa. Rana za ta ci ni, na sani, amma mai tumɓuke shi sai ya fara da ni.

Wassalam.
Naku, Illa, uban madaci.