Saƙon da Ban Isar wa Gwaggo Kulu Ba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da mahaifi, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima. Na san babu mai kai maka takardar nan, kuma ba za ka karanta ta ba. Ko kana raye ma da ni za ka miƙo wa, ka ce tabaraunka ya ɓace. Amma maganar da ke cikina ta fi ƙarfin in gaya wa Inna, kuma kai ka ɗora mini ita, don haka sai ka yi haƙuri ka saurara.

Gida lafiya. Ƙafar Inna tana nan yadda ka san ta, wata rana da sauƙi wata rana babu. Bana ruwa bai ci shinkafar fadama ba, ɗan'uwana Sani ya yanke ta lafiya. Ni kuma ina nan ina fama da yara a firamare.

Baba, ranar Asabar na je Gungun Marke.

Ka tuna abin da ka ce mini a gadon asibiti, lokacin da ka sa kowa ya fita? Ka ce in je wurin yayarka, Gwaggo Kulu, in roƙar maka gafara. Ka ce shekarar da mahaifiyarku ta kwanta ciwon ajali kana can ƙetaren iyaka wurin fatauci, an aika maka har sau uku, kana cewa bari kaya su ƙare. Ita kaɗai ta yi jinya, ita kaɗai ta ga fitar ranta. Da ka zo bayan sadakar arba'in ta juya maka baya, kai ma zuciya ta ɗebe ka, ba ka ƙara taka garin ba. Ka riƙe hannuna ka ce kana tsoron haƙƙin nan. Na ce maka gobe-gobe zan tafi.

Goben nan tawa ta yi wata goma sha huɗu. Ba mantawa na yi ba, tsoro nake ji. Na ga ba ta zo ta'aziyyarka ba, ɗanta Manu kawai ya zo da wasu dattawa biyu, sai na ce matar da mutuwa ba ta sauko da ita ba, ni wace ce? Ban gaya wa kowa ka bar mini saƙo ba. Sai makon jiya na ji a kasuwar Bagudo wai jikinta ya motsa. In ta rasu kafin in je fa?

Na fita da sassafe da goro da turmin atamfa. Mota ta sauke ni Kaoje, mai mashin ya kai ni bakin ruwa, na shiga kwalekwale. A hanya an tsayar da mu a shinge ya fi a ƙirga, kowanne sai na ji kamar in sauka in tura motar. Muna tsakiyar ruwa wayata ta kama layin ƙasar Benin, kiran Manu ya ƙi shiga. Na yi ta kallon bakin gaɓa ko zan hango taron maza a zaune kan tabarmi. Da na ga mata suna wanki suna dariya, sai na sami numfashi.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mana garinku haka yake ba? Kullum sai ka ce ƙauye ne, sauro ya fi mutane yawa. Ashe har ɗalibai ake kwasowa daga Birnin Kebbi su zo kallo. Na iske wasu a bakin tsohuwar ganuwa suna ta ɗaukar hoto, awaki na kiwo a kanta.

Manu ya tarbe ni. Ka san taubashi, tun daga nesa ya fara, wai ga matarsa 'yar birni ta zo biko, wai ruwan famfo ya hana ni girma. Na rama, na ce furfura ta riga hankali zuwa kansa. Na tambayi jikin Gwaggo, ya ce da sauƙi, amma ai baƙo ba ya shiga gida sai ya gaida mai gari. Muka je. Daga nan ya ce sai na ga masallacin ƙasa da kakanninmu suka gina, mai azarar giginya da ta yi baƙi don tsufa. Daga masallaci sai zangon da fataken goro suke sauka a da. Daga zango sai rijiyoyin marina, sun bushe duk, kaji na kwana a ciki. Ya nuna mini tsamiyar da ka faɗo daga kanta ka karye a hannu, labarin da kai ka ce mana jaki ne ya kayar da kai.

Gaskiya Baba, garin ya shiga raina. Amma ido na kallo, hankali na wurin Gwaggo. Rana ta take tsaka, aka kira azahar, kuma mai kwalekwale ya ce mini in la'asar ta yi sanyi ba ya jiran kowa. Na lura duk lungun da zai kai mu gida sai Manu ya kauce masa. Da ya ce saura tsohuwar rijiya, na tsaya cak. Na ce masa ni ba ɗalibar makaranta ba ce, ya kai ni wurin Gwaggo ko in tambayi hanya.

Nan wasa ya ƙare. Ya ja ni gindin katanga ya ce, “Ba ta san kawu ya rasu ba. Ba mu hwaɗa mata ba, kuma don Allah kak ki hwaɗi.”

Ashe lokacin rasuwarka tana kwance, hawan jini ya shanye mata ɓari ɗaya. Dattawan gida suka zauna suka ce a bari ta ji sauƙi tukuna, kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Aka ce mata ba ka da lafiya. Sauƙin bai zo ba, maganar ta yi ta tsufa, har ta kai babu mai iya buɗe baki. Duk garin sun sani, har yara, ita kaɗai aka bari. Ni kuwa na yi wata goma sha huɗu ina zagin ta a zuci, ina cewa mai riƙo.

Na shiga ɗakin. Baba, kamarku ɗaya. Goshin nan, da yadda kuke tura leɓe in kuna sauraro. Idonta ya tafi, sai ta laluba fuskata da hannun da ke motsi. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro. Na ce Baba ne ya aiko ni, yana roƙon ta yafe masa abin da ya faru. Wannan dai ba ƙarya ba ce, kai ka aiko ni.

Ta tura leɓe tana sauraro har na gama. Can ta ce, “Shi mi ya hana shi tahowa? Ba a aiko gahwara cikin mota kamar buhun shinkahwa. Ki ce mai shi taho da kainai, shi zamna nan in ji muryatai. Na daɗe ina jira.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da zagi ta yi da na san abin yi. Manu yana tsaye bakin ƙofa yana girgiza mini kai, matarsa ta rufe baki da gyale. Gaba kura, baya sayaki. In na faɗa, wataƙila ni zan ƙarasa ta, a ce 'yar birni ta zo yini ɗaya ta bar mana gawa. In na yi shiru, ka tafi da haƙƙinta a wuya. Ka san abin da na ce? Na ce to Gwaggo, zai zo.

Na yi ƙarya, Baba. Na yi ta da sunanka, a gaban yayarka, a ɗakin da aka haife ka.

Fuskarta ta saki. Ta sa aka ciro kifin banda daga inda yake rataye, aka ƙulle a tsumma da daddawa, ta ce in kai maka, wai tun kana yaro in ka yi ciwo ba ka cin komai sai miyarsa. Ta ce ka ci ka sami ƙarfin hanya. Na karɓa da hannu biyu. Ban san yadda na kai bakin ruwa ba, na dai san mai kwalekwale ya riga ya kwance igiya, sai da Manu ya yi masa ihu.

Ƙullin yana nan cikin ɗakina. Na kasa ci, na kasa bayarwa, Inna kuma ta fara tambayar warin me take ji. Jiya na tambayi malamin unguwarmu a kaikaice, ya ce haƙƙin ɗan'adam sai mai shi ya yafe da kansa. To ta yaya za ta yafe wa mamacin da take jiran sallamarsa? Me ya sa ba ka je ba, Baba? Tafiyar da na yi na dawo a yini ɗaya, ita ta gagare ka shekara talatin? Ban taɓa jin haushinka ba sai a kwalekwalen nan, kuma ban taɓa kewarka kamar ranar ba.

Ɗazu Manu ya kira. Ya ce tun da na tafi take cin abinci, har ta sa an wanke mata zanen fita. Ta ce ranar Laraba, ranar kasuwar garin, a ɗauke ta a kai ta zaure, don in ka sauka daga kwalekwale kada ka tsaya sallama kamar baƙo. Ya roƙe ni kada in zo. Na ce masa zan zo, don ba zan bari ta yini tana sauraron takun mutane ba. Laraba jibi ce. Zan zauna kusa da ita in riƙe hannun nan mai motsi. Abin da zai fito daga bakina ne ban sani ba har yanzu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya ba ni bakin magana. Ka huta lafiya, Baba.

Ɗiyarka,
Balkisu