Sandar Tutar Kofur Nodji

Sarh, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Solkem,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Busasshen kifin da na aiko ya isa N'Djamena kuwa?

Kofur Nodji ya rasu jiya, wanda ya goyo ni daga fagen daga lokacin da harsashi ya fasa min gwiwa. Kin san abin da ya sa muka kafa ƙungiyar tsoffin sojoji: mu duba marar lafiya, mu tsaya wa matar mamaci, kuma kada a binne ɗayanmu ba a sunkuyar da tuta a kan kabarinsa ba. Shugaba da magatakarda da ma'aji suna zaune a inuwa, ni mai riƙon tuta ni nake shan rana, kuma ban taɓa ƙorafi ba.

To, yau shugabanmu Ajidan Rimte ya tara mu, ya ce tuta ba za ta fita ba, wai Nodji korarre ne, ba sallama aka yi masa ba. Kowa ya san dalilin korar: an umarce shi ya cinna wa rumbunan wani ƙauye wuta, ya ƙi. Aka jefa ƙuri'a yadda muka saba, kowa ya ɗaga hularsa don goyon bayan Ajidan, ban da ni. Wasu da Nodji ya yi jinyarsu ma sun ɗaga, idonsu a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ajidan, da kake cin tuwon gidansa ba ka tambayi takardar sallama ba." Ya ce, "Tsoho, zauna, ƙafarka guda, bakinka goma." Ya kulle tutar a akwati.

Sun manta abu ɗaya. Ƙyallen na ƙungiya ne, amma a al'adarmu mai riƙon tuta shi yake sarar sandarsa, kuma a ɗakinsa take kwana.

Ki gaida kowa. Mahaifinki,
Madjitoloum

Sarh, ranar Lahadi

'Yata Solkem,

Ina gaishe ki, ina fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Saƙonki ya iso, cewa in yi haƙuri kada su tuɓe ni. Kin makara.

Ranar binne Nodji na sa kakina da lambobina, na shige gaban gawa da sanda tsirara. Mutane sun yi ta kallo, har wata ta ce tsohon ya zautu. A bakin kabari na ƙame, na sunkuyar da ita a hankali kamar da ƙyallen a jiki. Matar Nodji ba ta yi kuka ba sai a lokacin. Ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya kwamiti ya zauna, suka karɓe muƙamina. Ya yi min ciwo, don rabin rayuwata ke nan. Magatakarda ya zo yana sosa ƙeya, wai in miƙa sanda a ba sabon mai riƙo. Na ce masa na kafa ta a kan kabarin, daidai kai. Mai so ya je ya cire. Sai dai dokarmu ta ce ɗan ƙungiya ba ya tsayawa gaban kabarin soja bai ƙame ya sara masa ba, kuma Ajidan da kansa ya kafa ta.

Da safen nan na leƙa. Sandar tana nan a tsaye.

Ki shafa min kan yara. Mahaifinki,
Madjitoloum