Ruwan Baba

Bukarest, farkon Yuli

Zuwa ga Yaya Dorina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya jikin tsohuwar da kike jinya? Ya zafin Italiya? Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba.

Na san kina fushi da ni, shi ya sa na ɗauki biro na bar waya, don takarda ba ta katse wa mutum magana. Gaskiyarki ce, bai kamata in dawo birni washegarin binne Baba ba. Ke da kika taso daga wata ƙasa kin fi ni daɗewa a gida. Amma kin ga yadda damina ta ƙi mu bana, kuma taswirar da masu ban ruwa ke dubawa kafin su buɗe wa ƙauye ruwan kogi daga teburina take fita.

Kin sha yi mini dariya wai ina auna ƙasa daga sama kamar mala'ika. Tauraron ɗan'adam ba mala'ika ba ne, Yaya. Fatar ƙasa kawai yake gani, kuma ledar da mutanenmu ke rufe kankana da ita takan ruɗa shi. Shi ya sa muke binne na'urori a gonaki, idan suka saɓa da shi sai mu yarda da ta ƙasa mu gyara ta sama. Ta yankinmu tana gonarmu, a gindin sandar nan da Baba ya kafa. Har yanzu ina jin muryarsa ranar da ya ƙwace shebur daga hannuna: "Kawo nan, malamin taurari, kafin ka sare ƙafarka ka ce aikin gwamnati ne."

Yanzu tauraron yana cewa ƙasar ƙauyenmu Nisipeni ta bushe ƙayau, na'urar Baba kuwa tana cewa akwai danshi, kullum da safe ma ƙaruwa yake yi. Na ɗauka raɓa ce, na bi ta Baba, na sa ƙauyenmu a ƙarshen layin masu jiran ruwa. Har daɗi na ji cewa ƙasarmu ta riƙe ruwa.

Mama tana lafiya, a yadda take faɗa a waya. Zan je idan na samu sarari.

Ƙaninki,
Tibi

Nisipeni, tsakiyar Yuli

Yaya Dorina,

Bayan gaisuwa, ina fata ciwon bayan nan ya sake ki. Ni dai lafiyar jiki ƙalau, ta zuciya ce babu.

Kawu Ilarie maƙwabcinmu ne ya kira ni ofis, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Kai Tibi, ƙasar wace duniya kake aunawa? Kankanata ta tsaya kamar dunƙulen hannu, ganye ya kwanta, kai kuma kana can ƙarƙashin fanka ka rubuta wai iyo muke yi! Ka zo ka yi iyon mu gani." Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa.

Da safe na fita gona in duba wayar na'urar ko wani abu ya ci ta. Sai na hango Mama a kan hanya da baƙin ɗankwalinta, bokiti a kowane hannu, tana tafiya tana hutawa saboda gwiwar nan. Ta isa gindin sandar ta yi alamar gicciye, ta kira sunan Baba, ta juye ruwan a hankali.

Ruwan mamaci ne, Yaya, na kwana arba'in ɗin nan da ake ɗiba don kada ƙishi ya kama shi a hanya. Wasu gidan maƙwabta suke kaiwa, wasu gindin bishiya. Ita sandar ta zaɓa, domin shi ne rami na ƙarshe da ya haƙa da hannunsa. Da ina gida da na sani tun ranar farko. Ina can ina kallon hawayen uwata a allo ina ce masa raɓa.

Na yi mata bayani. Idan na cire wayar kawai, ofis zai ci gaba da aiki da tsohon awo har ƙarshen wata, kafin nan kankanar ƙauye ta gama mutuwa. Dole a ga awon ya sauka da kansa. Na roƙe ta ta koma zubawa a gindin bishiyar tsakar gida. Ta ce, "Inda aka fara ba shi, nan yake zuwa nema. Kana so ya zo ya tarar ba kowa?"

Rana ta fara zafi, ina hango gonar Kawu Ilarie ta yi fari fat, sai bakina ya kuɓuce. Na ce, "Mama, matattu ba sa shan ruwa. Kankanar mutane ce ke sha."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta kife bokitan ɗaya cikin ɗaya ta ce, "To, ɗan boko. Ka fi ni sani." Da rana ta tuƙa mini tuwon masara da cuku kamar ba abin da ya faru, ta zauna tana kallona ina ci.

Kada ki kira ta a kan wannan, don Allah.

Naki,
Tibi

Nisipeni, ƙarshen Yuli

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma samu saƙonki. Duk abin da kika kira ni na amsa.

Tun da Mama ta daina zuba ruwan, awon ya sauka, ya zo daidai da na tauraron, wanda tun farko gaskiya yake faɗa. An buɗe wa ƙauye ruwa. Kankanar ba duka ta tashi ba, amma za a ci. A ofis har yaba mini aka yi. Ni kuwa kullum da safe sai in buɗe allo in ga layin awon a kwance, sai lokacin na gane cewa makonnin nan da shi nake gaisawa da Mama ban sani ba.

Jiya na zo gida. Kawu Ilarie ya tare ni a ƙofa da kankana a hammata, amma fuskarsa ba ta mai kyauta ba ce. Ya ce, "Ruwa ya zo, mun gode. Yanzu ka je ka ba uwarka." Ashe tun ranar da ta kife bokitan ba ta sa ruwa a baki daga fitowar rana har faɗuwarta, a wannan zafin. Ranar Lahadi ta faɗi a ƙofar coci. Da matarsa ta yi mata faɗa sai ta ce, "Shi yana can maƙogwaro a bushe, ni in sha in ce me?"

Yau da safe na ɗauki shebur ɗin Baba na tono na'urar, na mayar da ita can gonar Kawu Ilarie, na bar sandar a inda take. Sannan na cika bokitan a rijiya. Mama ta biyo ni, sai da muka isa ta ce, "Wannan ba aikin maza ba ne." Na tsaya da bokiti a hannu kamar wawa. Can ta ce, "To a hankali. Babanka ba ya son gaggawa."

Na zuba, rairayin ya shanye kafin in ɗago. Na miƙa mata kofi, ta sha rabi ta juye sauran a gindin sandar. Na tambaye ta ko za a iya rama kwanakin da aka rasa. Ta ce a'a, ƙishin da aka riga aka ji ba a rama shi, sai dai a fara daga farko.

Na nemi hutu a ofis, ban sani ba ko za su ba ni kwana arba'in. Idan kin tashi aiko mata da maganin gwiwa, ki haɗo mini da safar hannu, marikin bokitin ya fara yanka ni.

Ki gaida tsohuwar da kike jinya. Ki yafe mini in kin iya.

Ƙaninki,
Tibi