Naman Talotalon Baba

Litinin, 3 ga Maris

Na taso daga kantin magani ƙarfe shida, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Cikin minti ashirin da biyar abincin Baba ya sauka, kamar kullum tun da likita ya hana shi jan nama da gishiri. Niƙaƙƙen naman talotalo da citta da tafarnuwa da masoro, sai karas da kabeji da koren wake, a kan farar shinkafa. Naman nan ba shi da kitse, in aka zuba shi a kasko haka nan bushewa yake yi kamar dusa. Na sha wahala kafin na gano kansa: in goga babbar albasa, in cuɗa ta har da ruwanta a cikin naman, in rage wuta, in rufe. Shi ne yake laushi har Baba ya iya da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ya cinye tas.

Talata, 4 ga Maris

Ranar zuwan Yaya. Ta zauna a falo tana ƙamshin turare har na gama. Ta karɓi farantin a ƙofar kicin, ta goge gefensa, ta kai shi bakin taga, ta ɗauki hotonsa a waya. Kafin in wanke kasko hoton ya shiga gurup ɗin gida: "Abincin Baba na yau." Ba ta ce ita ta dafa ba, ba ta kuma ce ni ce ba. Wayonta kenan. Injiniya, babban wanmu, ya sa mata albarka layi uku. Ni Auta ko sannu.

Alhamis, 6 ga Maris

Na koma baya na duba hotunan. Wata bakwai tana wannan. A ɗaya har gwiwar hannuna ta fito.

Asabar, 8 ga Maris

Injiniya ya haɗa mu a waya. Wai ya yanke shawara Baba ya koma gidan Yaya, tunda ita ta san kan abincinsa, ni kuma aiki ya yi mini yawa. Zai iso ranar Alhamis, ya kwana biyu, ya kai shi da kansa. Ba a katse Injiniya, haka muka taso. Na jira Yaya ta gyara maganar. Ba ta gyara ba, ƙarar awarwaronta kawai nake ji.

Tun rasuwar Mama daga ni sai Baba a gidan nan. Ni na san ƙwayar safe da ta yamma, ni na san tarinsa na gaske da na neman hira. Yanzu hoto zai raba ni da shi. Wallahi sai ta gane kurenta.

Lahadi, 9 ga Maris

In na buɗe baki za a ce Auta hassada take yi. To ba zan ce komai ba. Na rubuta a gurup cewa ya kamata Injiniya ya ɗanɗana girkin Yaya da kansa ranar Alhamis, a nan gida. Ya ce madalla. Ita kuwa sai bayan awa guda ta amsa da "to".

Talata, 11 ga Maris

Yau Yaya ta shigo kicin, karon farko. Tana wasa da murfin tukunya ta ce in ɗan tuna mata yadda ake yi, wai kai ya ɗau zafi. Na tuna mata sarai. Na lissafa kayan ƙamshi ban rage ko ɗaya ba. Albasa ce kawai ban ambata ba. Na ce ta ƙure wuta, kar ta rufe, ta yi ta juyawa har ruwan ya ƙone ƙaf. Ta rubuta a waya, har da godiya. Ko gezau ban yi ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ni na sayo naman. Na sa mahauci ya zaɓo ƙirji zalla, ya cire ɗan kitsen da ke jiki kafin ya niƙa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya faru yadda na so. Na zauna a falo, a kujerarta, ina jin ƙauri yana tasowa. Awa ɗaya da rabi ta yi. Ta fito ido ya yi ja, ɗankwali ya karkace, ba ta ɗauki hoto ba. Kabejin ya narke, naman ya zama tsakuwa. Injiniya ya kai cokali ɗaya, ya tauna, ya tauna, ya nemi ruwa. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye ta a hankali ko wannan ne abin da take turowa. Ta sunkuyar da kai. Daɗi ya kama ni har yatsun ƙafa, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Sai na juya wajen Baba. Ban taɓa kawo shi a lissafin ba, na ɗauka zai ture farantin. Bai ture ba. Yana ɗiba kaɗan kaɗan, yana juya shi a baki daga wannan gefe zuwa wancan, yana korawa da ruwa. Ya ƙware sau biyu, hawaye ya zubo masa, ya ɗaga hannu kar kowa ya taso. Ya fi minti arba'in a kai. Da ya gama ya dubi Yaya ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Tishun da ya goge baki da shi akwai jini a jiki.

Juma'a, 14 ga Maris

Injiniya ya ce Baba zai zauna inda yake. Har haƙuri ya ba ni, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba. Yaya ta faɗa masa gaskiya da kanta, ba ta kuma ambaci abin da na karanta mata ba.

Na kai wa Baba shayi, don dasashinsa ya kumbura, ba ya iya tauna komai. Na ce masa ba inda za shi. Ya daɗe yana hura kofin.

"Auta, ita ba ta san bakina ba. Ke kin sani."

Iyakar abin da ya ce kenan.

Lahadi, 16 ga Maris

Yau ma ruwa-ruwa ya sha. Gurup shiru.

Talata, 18 ga Maris

Ban zaci Yaya za ta zo ba. Ta zo, ba turare, jakarta a falo. Ta tsaya a ƙofar kicin. Ba yafe mata na yi ba, wata bakwai ba wasa ba ne. Kawai dai tsayuwar mutum a kaina tana hana ni aiki, shi ya sa na matsa gefe na miƙa mata wuƙa. Karas ɗinta manya manya take yankawa, sai da na kama hannunta na nuna mata girman da Baba zai iya.

Abincin ya makara da minti goma. Mu uku muka ci.